Shin Diyya Tana Wanke Rijiya?

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da muke son mu yi nazari a kanta ita ce: idan mai ƙarfi ya ɓata wa jama'a ruwan sha, sa'an nan ya biya diyya, shin ya sauke nauyin da ke wuyansa ke nan?

Bari mu ɗauki misalin Hinkili, wani ɗan ƙaramin gari a hamadar jihar Kalifoniya ta Amurka. Daga 1952 zuwa 1966, kamfanin PG&E ya riƙa zuba sinadarin kuromiyam mai lamba shida a ruwan sanyaya injinan tasharsa ta tura iskar gas, domin hana tsatsa. Gurɓataccen ruwan kuwa ana tara shi a kududdufai marasa daɓe, yana tsiyaya ƙarƙashin ƙasa har ya cim ma rijiyoyin mutane. Sai a 1987 kamfanin ya sanar da hukuma. Bayan binciken da Erin Brockovich, ma'aikaciyar wani ofishin lauyoyi, ta yi, aka sasanta a 1996 a kan dala miliyan 333 ga mutum fiye da 600.

Wani zai ce magana ta ƙare, tun da an biya. Lalle ba ma raina diyya, domin da ita majinyaci zai nemi magani, kuma kotu ba ta da wani mudun awon hasara in ba kuɗi ba. Amma idan muka zurfafa tunani, za mu ga cewa waɗanda aka biya su ne rayayyun da suka kai ƙara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba nasu ba ne su kaɗai. Gado ne da suka tarar, kuma amana ce ta waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wa ya wakilci waɗannan a zaman sulhu?

Abin da ya biyo baya ya isa shaida. Gubar ta ci gaba da yaɗuwa, kamfanin ya yi ta sayen gidaje yana rushewa, jama'a suka watse, har makarantar garin ta rufe a 2015. Kuɗi kan sayi gida, amma ba ya sayen maƙwabtaka.

Sa'an nan ga shirun shekara ashirin da ɗaya tsakanin daina zuba gubar da sanar da hukuma. Uwar da ta shayar da ɗanta wannan ruwa ba a ba ta damar zaɓi ba, kuma babu kuɗin da zai mayar mata da wannan damar.

Saboda haka, a ganinmu, diyya farkon biyan bashi ce kurum. Wanda ya ɓata rijiya yana nan da bashi a wuyansa har ranar da jikan mai rijiyar zai jefa guga, ya sha ba tare da fargaba ba.