Tsarabar Da Yaron Ya Ɓoye

A dogon hutun bara muka ɗauki iyali zuwa Obudu, wurin shaƙatawar nan da ke kan duwatsun Jihar Kuros Riba, dab da iyakar Kamaru. Muka biya ta ƙauyenmu a ƙasar Dambatta muka ɗauki ɗan yayanmu, ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, saboda shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Yaya bai musa ba. Cewa kawai ya yi, "Allah ya kiyaye hanya."

Yaron da bai taɓa hawa tudun da ya wuce Dala ba, sai ga shi a wurin da ya haura mita 1,500. Mota ta yi ta murɗa kwana tana hawa, har gajimare ya koma ƙasa da mu. A 1951 aka fara wurin a matsayin gonar kiwon shanu, daga baya ya zama masaukin masu hali. Yaron ya kwana cikin bargo biyu a watan Agusta, ya ga ma'aikaci na gyara masa gado, ya yi ta tambayar wa ke noma duk wannan ciyawar. Muka dawo muna ganin mun yi abin kirki.

Da aka koma makaranta, malami ya ba su aikin da kowa ya sani: rubuta yadda ka yi hutunka. Uwarsa ce ta turo mana hoton takardar ta WhatsApp. Babu Obudu a ciki, ko sau ɗaya. Ya rubuta cewa ya yi hutunsa a gona, yana taya mahaifinsa maimai da korar tsuntsu daga gero. Da muka kira shi muka tambaya, sai ya yi shiru, can ya ce, "Baffa, a gaban aji ake karantawa."

Da farko haushi muka ji, kamar an watsa mana alherinmu a ƙasa. Daga baya tambayar ta zauna mana a rai: shin yaron nan laifi ya yi, ko kuwa ya fi mu sanin ya kamata?

Ƙarya dai ƙarya ce, ba za mu wanke ta ba. Amma galibin ƙaryar yara ta ƙarin girma ce: wanda bai je ko'ina ba ya ce ya je Abuja. Wannan kuwa rage kansa ya yi don ya yi daidai da 'yan ajinsa. A gidajenmu ana koya mana kada mu ci abu a gaban wanda ba shi da shi ba tare da mun ce bismillah ba. Yaron ya duba abin da ya ci, ya ga ba ya gutsuruwa, sai ya ɓoye shi a aljihu. Wannan ita ce kara, kuma ba mu da bakin raina ta.

Sai dai akwai abin da ya fi kara nauyi a takardar, wanda mu ne muka ƙi gani. Mu masu rubuta manhaja, aikinmu yana shiga jaka. Muna iya rufe kwamfuta ranar Juma'a, mu buɗe ta bayan mako guda, mu tarar da komai inda muka bar shi. Gona ba ta san haka ba. A karkarar Kano gonaki manne suke da juna, ba a barin ƙasa ta huta, kowace shekara taki da hannu ne ke riƙe da ita. Dogon hutun makaranta yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Abin da ɗan birni ke kira hutu, a wurin ɗan manomi sauya aiki ne: a ajiye biro a ɗauki fartanya.

Mun lissafa kuɗin mai, da na ɗaki, da na abinci. Ba mu lissafa kunyoyin da yaron zai nome a kwana tara ba. Ƙanensa ne ya nome su, shi da mahaifinsu. Ashe ba mu kaɗai muka biya kuɗin hutun ba, kuma wanda ya biya da guminsa bai ga ko gajimare ɗaya ba. Yaron ya san wannan tun ranar da ya dawo ya ga kanta a tafin ƙanensa. Abin da ya rubuta shi ne hutun da yake jin ya kamata ya yi.

Wani zai ce, to da an bar shi a gida. Ba mu yarda ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ɗan ƙauye bai fi kowa cancantar a tsare masa ido ba. Idan kunya za ta hana duk wanda ya ga wani abu ya faɗa, ajin nan zai tashi bai san akwai wuri a ƙasarsa da ake jin sanyi a Agusta ba. Bahaushe bai hana matafiyi magana ba, tsaraba ya ɗora masa. Labari ma tsaraba ne idan an ba da shi don mai ji ya ƙaru. Yana zama gori ne idan an ba da shi don mai ji ya san matsayinsa.

Don haka gyaran yana wuyanmu kafin ya kai kan yaron. Da mun tambayi Yaya abin da tafiyar za ta ci masa, mun biya ɗan ƙwadago ya tsaya a madadin yaron, da ya dawo ba bashi a kansa, da bakinsa ya buɗe. Alherin da aka yi ba tare da duba wanda zai ɗauki nauyinsa ba, rabinsa na mai bayarwa ne, don ya ji daɗin kansa.

Da kaka muka je gida. Da dare, a kan tabarma a ƙofar gida, muka ji ƙanen yana tambayarsa ko da gaske mutum na iya taɓa gajimare. Ya yi jim, ya waiwayo ya dube mu, sannan ya fara ba shi labari a hankali. Mun riga mun gaya wa Yaya cewa bana ƙanen ne zai bi mu, kuma sai bayan an kai gero rumbu.