Nasiha: Haƙƙin Zabiya da Mutuncin Mahaifiyarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci 'yan Adam launi-launi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana mazauna Kumasi da sauran zangunan Gana, kwanakin baya na halarci wani suna a Asawase. An yanka rago, an raɗa wa jariri suna, amma gidan ya yi tsit kamar gidan makoki, domin yaron zabiya ne. Kafin a watse na ji wata dattijuwa daga dangin uba tana cewa su kam babu irin wannan a zuri'arsu, sai dai a tambayi uwar. Na yi shiru a ranar. Shirun nan ya hana ni sukuni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana kokwanto, saboda matarsa ta haifi yaro baƙi. Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da kuma launinsu. Ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya amsa akwai, ya kuma ce wataƙila gado ne daga kakannin raƙuman. Sai Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka yake iya kasancewa, bai ba shi damar kore yaron ba.

Likitoci a yau sun tabbatar da wannan. Zabiya yana rasa sinadarin melanin ne, wanda ke bai wa fata da gashi da ido launi. Irin zabiyancin da aka fi sani ba ya bayyana sai yaro ya gaji ƙwayar halittarsa daga uwa da uba gaba ɗaya, ko da su biyun baƙaƙe ne. Ashe kenan dangin da ke nuna uwar da yatsa, ɗansu ma yana ɗauke da abin. Wanda kuwa ya jefi mace kamila da zargin alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, Suratun Nur ta yanke masa bulala 80, ta kuma zubar da shaidarsa. Habaici a wurin suna ba ya mayar da ƙazafi ƙaramin laifi.

Shi ma yaron yana da haƙƙi a kanmu. Suratur Rum ta lissafa bambancin launukanmu cikin ayoyin Allah, Suratul Hujurat kuma ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi. To me za mu ce da yaranmu da ke bin zabiya a lungu suna kiransa Bature, manya na dariya? Zabiyanci ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko musafaha. Camfin cewa jikinsu na kawo arziki shi ya jawo aka kashe zabaya a Tanzaniya da Malawi, kuma wannan tsafi ne da kisan kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni domin wayar da kai a kansu; mu da addini ya riga ya umarta bai kamata mu jira wannan rana ba.

Malaman makarantunmu, ku sani yawancin zabaya ganinsu na da rauni. Ku zaunar da ɗalibi gaba kusa da allo, a inuwa, kada ku ɗauke shi malalaci. Iyaye, rana na ƙona fatarsu har ta kai ga ciwon daji. Ku tanadi malafa, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana, ku kai su asibiti da zarar gyambo ya ƙi warkewa. Ƙungiyarmu ma tana iya sanya wannan cikin sadakarta.

Na koma gidan na karanta wa mahaifin wancan hadisi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya nemi a miƙo masa ɗansa. Ku taya su da addu'a.

Allah ya tsare harsunanmu daga cin mutuncin bayinsa, ya raya wannan yaro bisa Musulunci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.