Shin Dangi Na da Ikon Sauya wa Mutum Addini? Darasi Daga Ƙasar Indiya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin abin da zukata suka ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu duba a wannan karo ta faru ne tsakanin mutanen da ba addininmu suke bi ba, a ƙasa mai nisa da mu. Da gangan muka zaɓe ta, domin mutum ya fi ganin gaskiya sarai idan ba shi da riba ko hasara cikin shari'ar. Tambayar ita ce: idan dangi suka matsa wa ɗansu, ko surukarsu, lamba ya bar addinin Hindu ya shiga Kiristanci, sun yi masa alheri ne ko sun zalunce shi?

Yadda lamarin yake a Indiya

A ƙidayar shekarar 2011, mabiya addinin Hindu sun kai kashi 79.8 cikin ɗari na mutanen Indiya, Musulmi kashi 14.2, Kiristoci kuwa kashi 2.3, wato kusan mutum miliyan 28. Kiristanci ba baƙo ba ne a can, domin a yankin Kerala akwai jama'ar da ke bin sa tun ƙarnoni da dama kafin zuwan Turawa. Saboda haka auratayya da maƙwabtaka suna haɗa mutanen addinan biyu, kuma yawanci a ƙofar aure ne matsin yake farawa. Budurwa ƴar Hindu za ta so saurayi Kirista, sai iyayensa su ce ba za su karɓe ta ba sai an yi mata baftisma. Ko kuma uba ya shiga Kiristanci, sai ya wayi gari yana jiran matarsa da ƴaƴansa su bi bayansa.

Kada mu ɗauka abin da ake nema daga gare su ƙarami ne. A wurin Hindu addini a ɗinke yake da dangi, da abinci, da aure, da jana'iza. A al'adarsu ɗa namiji, musamman na fari, shi ke sa wuta ga gawar mahaifinsa. Dokar auren Hindu ta 1955 ta ba miji ko mata damar neman rabuwa idan ɗayansu ya bar addinin. Haka nan, bisa wata doka ta 1950, mutumin da ya fito daga ƙasƙantattun dangogi da ake kira Dalit yana rasa gatan da hukuma ta ware musu na karatu da aiki idan ya zama Kirista. Ashe ke nan wanda aka ce masa “ka bi mu” ana nufin ya bar gida, da suna, wani lokaci har da hanyar abincinsa.

Tilas ta hukuma da tilas ta gida

Indiya ta ɗanɗani tilas ta hukuma. Mutanen Fotugal sun kama yankin Gowa a 1510. A 1559 aka fitar da dokar karɓe marayun Hindu a miƙa su ga malaman majami'a domin a yi musu baftisma, a 1560 kuma aka kafa kotun binciken aƙida wadda ba a rushe ta gaba ɗaya ba sai 1812. Ku lura da kyau: mafi yawan aikin wannan kotu a kan sababbin Kiristoci ne, waɗanda ake zargi suna bin addininsu na da a ɓoye. Wanda ya tilasta mutum ya furta abin da bai yarda da shi ba, dole ya ƙare yana gadinsa, domin shi kansa bai amince da furucin ba.

Irin wannan tilas ta wuce. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya ba kowa ƴancin bin addininsa da yin kira gare shi. Majami'ar Katolika da kanta ta bayyana a babban taronta na 1965 cewa ba a tilasta wa kowa imani, kuma tun 1970 ba ta neman alkawari daga wanda ba Katolika ba a auren gauraye. Wasu jihohi, kamar Orisa a 1967, sun kafa dokokin hana sauya addini ta hanyar ƙarfi ko yaudara, ko da yake Kiristoci da Musulmi na can suna kukan cewa ana amfani da su wajen ƙuntata wa marasa rinjaye.

Sai dai wace doka ce za ta shiga tsakanin uwa da ɗanta? Tilas ta gida ba ta da takobi. Makamanta su ne hawayen uwa, da shirun uba, da barazanar hana gado, da cewa “idan kana ƙaunata ka yi.” Ta fi ta hukuma ciwo, domin mutum yana iya ƙin azzalumi ya kwana da zuciya ɗaya, amma yaya zai ƙi wadda ta goya shi?

Labarin wani gida

A 1895 wani mawaƙi ɗan dangin Birahman, wato dangin malaman Hindu, mai suna Narayan Waman Tilak, ya karɓi baftisma a Bombai. Matarsa Lakshmibai ta shiga tsaka mai wuya. Danginta suka riƙe ta, ta yi shekaru rabe da mijinta, su suna ja, shi yana kira. Daga baya ta koma ɗakinta tana kan addininta, sai a 1900 ta shiga Kiristanci. A ƙarshen rayuwarta ta rubuta tarihinta da harshen Marati.

Har yau mai karatu na iya tambaya: gamsuwa ce ta kai ta, ko gajiya? Allah kaɗai ya san zuciyarta. Wannan ita ce ɓarnar matsin lamba: yana jefa shakka har a kan imanin da mai yiwuwa na gaskiya ne. Labarin ya kuma nuna cewa igiyar tana da baki biyu, domin kamar yadda ake matsa wa wani ya fita, haka ake matsa wa wani kada ya fita.

Hujjar iyaye

Mai hankali zai ce: Malam, idan uba ya yi imani cewa ɗansa yana kan hanyar halaka, ashe ba wajibinsa ba ne ya janyo shi ko da ƙarfi? Wa zai ga ɗansa na shirin faɗawa rijiya ya tsaya yana lallashi?

Wannan hujja tana da nauyi, domin ƙauna ce tushenta. Amma misalin bai daidaita ba. Wanda aka fizgo daga bakin rijiya ya tsira, ko ya so ko bai so ba, saboda jiki ake ceto. Imani kuwa aikin zuciya ne, kuma hannu ba ya kaiwa can. Abin da matsi ke iya samarwa shi ne furucin baki da zuwa wurin ibada. Wannan kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Uban ya nemi mumini, sai ya ƙera munafuki da hannunsa, ya kuma koya wa ɗansa yi masa ƙarya.

To ina iyaka tsakanin kira da tilas? Ga ma'auni: idan ya ce “a'a,” me zai rasa? Idan gobe akushinsa na nan, ɗakinsa na nan, fuskar mahaifiyarsa a sake, to kira aka yi masa. Idan kuwa abinci, ko aure, ko kuɗin makaranta, ko zumunci sun rataya a kan amsarsa, to ciniki ne, ko da an yi shi da murya mai taushi.

Abin da muka gada

Mu Musulmi ba mu bin aƙidar Hindu, ba mu bin ta Kirista, kuma ba mu ɓoye wannan. Amma mun san ɗacin lamarin tun farkon Musulunci. Mahaifiyar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta daina ci da sha domin ya bar addininsa. Mus'abu ɗan Umairu danginsa suka tsare shi. Hukuncin da ya zo cikin Suratu Luƙman ya haɗa abu biyu: kada a bi iyaye a kan shirka, kuma kada a daina kyautata musu a zaman duniya. Asma'u ƴar Abubakar ta tambayi Annabi (S.A.W.) game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, ya umarce ta da sada zumunci da ita.

Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne sababin saukar aya ta 256 a Suratul Baƙara, wadda ta kore tilas cikin addini. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa wasu iyaye daga Ansar ne suka so su tilasta wa ƴaƴansu, waɗanda suka tashi cikin Yahudawan Banu Nadir, su shiga Musulunci, sai aka hana su. Iyaye Musulmi ne, addinin da suke kira gare shi gaskiya ne, duk da haka ba a ba su wannan iko ba. Annabi da kansa ya yi kwaɗayin musuluntar baffansa Abu Ɗalib, ya roƙe shi har gargarar mutuwa, bai samu ba, domin shiriya a hannun Allah take.

Saboda haka amsarmu ita ce: dangi suna da hakkin nasiha, da hujja, da addu'a, da kyakkyawan misali, amma ba su da iko a kan zuciya. Yarinyar Hindu da aka sa wa sharaɗin baftisma kafin a karɓe ta an zalunce ta, kuma ba sai ta zama tamu ba kafin mu faɗi haka. Wanda ke ƙin tilas idan ta taɓa nasa, ya yi shiru idan ta taɓa na wani, ba tilas yake ƙi ba, ɓangarensa yake karewa.

Kowannenmu ya koma gida ya duba waɗanda ke ci daga hannunsa, matarsa, da ɗan riƙonsa, da baransa, ya tambayi kansa: sallar da suke yi, don Allah suke yin ta ko don tsorona?

Allah ya shiryi zukatanmu da na zuriyarmu, ya tsare mu daga zalunci ko da da sunan ƙauna ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.