In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Nasiha Kan Mahaukaciyar Guguwa

 Wannan nasiha tawa ta kowa ce, amma ta fi shafar 'yan'uwanmu da neman ilimi ko neman abinci ya kai su garuruwan da ke gaɓar teku a Amurka, irin su Houston da Miami da New Orleans da New York, da kuma iyayensu da ke gida, waɗanda maganarsu ke da nauyi a kunnen 'ya'yansu. Kowace shekara, daga 1 ga watan Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, lokaci ne na mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika, kuma abin ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Roƙona guda ɗaya ne: idan masana suka yi gargaɗi, hukuma ta ce a tashi, to a tashi tun da sauran lokaci, kuma kada a bar kowa a baya.

Cikin masifun da ke faɗa wa ɗan Adam, wannan tana daga cikin 'yan kaɗan da ke yin sallama kafin su shigo. Girgizar ƙasa ba ta ba mutum ko minti biyar. Ita kuwa guguwar teku ana ganin ta tun tana jaririya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin manyan guguwowin da ke ragargaza Amurka da tsibiran Karebiyan daga sararin samaniyarmu suke faro tafiya. Hadarin damina da ke tasowa daga gabas, ya ratsa Sudan da Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya, shi ne ke faɗawa teku ta wajen Senegal. Idan ya tarar da ruwan teku ya yi ɗumi, zafinsa ya kai kimanin digiri 26 ko fiye, sai ya riƙa shan tururi yana juyawa yana ƙara ƙarfi. Da zarar gudun iskarsa ya kai kilomita 119 a awa guda, ya zama mahaukaciyar guguwa. Duk wannan tafiya taurarin ɗan Adam suna kallon ta, akwai ma jiragen sama da ake turawa har cikin guguwar su auno ƙarfinta. Cibiyar da ke lura da guguwa a Amurka, wadda ke Miami, tana fitar da sanarwar a zauna cikin shiri awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, sannan ta fitar da cikakken gargaɗi saura awa 36. Kwana ɗaya da rabi ke nan aka ba mutum ya tsira da ransa da na iyalinsa. Wannan rahama ce da mutanen da can ba su samu ba. A watan Satumba na 1900 guguwa ta afka wa garin Galveston na jihar Texas, ta kashe aƙalla mutum 6,000, a zamanin da babu tauraron ɗan Adam, babu rediyo a gidaje. Su suna da uzuri. Mu da wayar hannu ke ƙara a aljihunmu, wane uzuri gare mu?

Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauka iska ce kaɗai abin tsoro. An kasa guguwa mataki biyar gwargwadon gudun iskarta, mataki na biyar yana farawa daga kilomita 252 a awa. Sai ka ji mutum ya ce, "Ai an ce ta sauko mataki na biyu, ba wani abu ba ne." Alhali ruwa ne ya fi kisa. Binciken da aka yi kan mace-macen shekaru hamsin a Amurka, daga 1963 zuwa 2012, ya nuna kusan mutum tara cikin goma da guguwa ta kashe kai tsaye, ruwa ne ya ci su. Iska tana turo teku kan tudu, sama kuma tana zubar da ruwa ba ƙaƙƙautawa. A lokacin guguwar Katrina, ranar 29 ga Agusta 2005, teku ya tumbatsa sama da mita takwas a gaɓar jihar Mississippi. A New Orleans shingayen da ke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Gaba ɗaya, fiye da mutum 1,300 suka rasu a wannan guguwa. An ba da umarnin barin birnin tun ranar 28 ga wata. Wasu sun ji suka ƙi tashi, wasu kuwa sun so tashi amma ba su da mota, ba su da kuɗin masauki, ba su da mai ɗaukar su. Tsofaffi ne suka fi yawa cikin mamatan. Mu riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Yanzu mu dubi inda aka ji gargaɗi. A watan Nuwamba na 1970 guguwa ta shiga yankin da yau ake kira Bangladesh, ta hallaka aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta sake kashe kimanin 138,000. Mutanen ƙasar ba su naɗe hannu ba. Gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka horar da dubban 'yan sa-kai a ƙauyuka, waɗanda ke kafa tutocin gargaɗi, suna yawo da lasifika a ƙafa da kan keke, suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Aka gina mafaka na kankare masu tsayi, da yawansu makarantu ne a sauran lokuta. Da guguwar Sidr ta zo a 2007 da ƙarfinta, waɗanda hukuma ta ƙirga sun rasu dubu uku da wani abu ne. Rai ɗaya ma asara ce, amma a dubi tazarar. Haka jihar Odisha ta Indiya: a 1999 ta rasa kimanin mutum 10,000, amma da guguwar Phailin ta tunkaro a 2013, aka kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka mutu ba su kai hamsin ba. Tekun bai canza ba, talaucin mutanen ma bai gushe ba. Abin da ya canza shi ne an yi gargaɗi, gargaɗin ya kai kunnen talaka, kuma akwai inda zai dosa.

Na san abin da wani zai ce: "Mutuwa ɗaya ce, in kwana ya ƙare ko ina kake sai ta same ka." Gaskiya ne, babu mai wuce wa'adinsa. Amma mutanen Bangladesh mafi yawansu Musulmi ne, sun yi imani da ƙaddara kamar yadda muka yi, kuma imaninsu bai hana su gina mafaka ba. Annabi Nuhu, Alaihis Salam, ya sassaƙa jirgi tun sama ba ta zubo da ɗigo ba, mutanensa suna yi masa dariya. Annabi Yusuf ya sa an tara hatsi shekara bakwai saboda yunwar da ba ta riga ta zo ba. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya umarci wani mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Wanda aka ce masa ruwa na zuwa ya kwanta da 'ya'yansa a kwari, wannan ganganci ne, kuma rayukan yaran amana ce da za a tambaye shi.

Wani kuma cewa yake yi, "Bara ma haka aka ce, muka kwashi kaya muka sha wahala, ba mu ga komai ba." Sai ka gode wa Allah. Hasashe ba wahayi ba ne, guguwa tana iya karkata ta sauka kilomita ɗari daga inda aka zata. Wanda ya tashi sau biyar ba a yi komai ba, abin da ya rasa kuɗin mai ne da barcin dare biyu. Wanda ya ƙi tashi sau ɗaya aka yi, ba shi da damar gyara. Akwai mai tsoron ɓarayi su shiga gidansa, sai ya tsaya gadin talabijin da katifa. Dukiya ana mayar da ita, in da rai da rabo. Akwai kuma mai cewa shi ba a bakin teku yake ba. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta sauka a Florida, amma ɓarnarta mafi muni a yankin duwatsun North Carolina ta yi ta, ɗaruruwan kilomita daga teku, inda koguna suka cika suka share garuruwa. Fiye da mutum 200 suka rasu.

To, mene ne shirin? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin lokacin ya kama, kowane magidanci ya san ko unguwarsa tana cikin wuraren da ake kwashe mutane, ya san hanyar fita, ya san gidan wa zai sauka ko wace mafaka ce kusa. A tanadi ruwan sha, kimanin lita huɗu ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana uku, da abincin da ba ya lalacewa kuma ba ya buƙatar wuta. Mai hawan jini da mai ciwon suga su tanadi maganinsu na kwanaki. Fasfo da takardun zama da na gida da na makaranta a ƙulle su cikin leda mai hana ruwa shiga. A samu tocila da batir da ƙaramar rediyo, a cika waya da caji, a cika tankin mota, a riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin in wuta ta ɗauke na'urar cire kuɗi ba ta aiki. A shigo da duk abin da iska za ta iya ɗauka daga tsakar gida. Idan aka ce a tashi, a tashi da wuri, kafin hanya ta cushe.

Wanda ya kasance a gida, ya zauna a ɗakin ciki, nesa da tagogi. Idan iska ta tsaya cak, sama ta yi haske, kada ya fita. Mai yiwuwa tsakiyar guguwar ce ke wucewa, kuma ba da jimawa ba iskar za ta dawo ta ɗaya gefen da ƙarfinta. Kada a shiga ruwan da ke gudu a kan titi: mai zurfin santimita 15 yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Bayan ta lafa ma ba a tsira ba tukuna. A nisanci wayoyin lantarki da suka faɗi. Janareta kuwa, kada a kuskura a kunna shi cikin ɗaki ko gareji ko dab da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, mutum yana barci sai dai a tarar da gawa. Bayan guguwar Laura a 2020, an yi asarar rayuka da dama ta wannan hanya a Louisiana da Texas, mutanen da guguwar kanta ba ta taɓa ba.

Mu komo kan tsofaffin New Orleans, domin a nan nauyin al'umma yake. Gargaɗin da aka yi da Turanci a talabijin bai isa ga baƙon da bai daɗe da zuwa ba, ko gyatumar da ta je renon jika, ko ɗalibin da ba shi da mota. Ƙungiyoyinmu na zumunta da masallatanmu su san waɗannan mutane tun yanzu, a san wanda zai ɗauki wa. Limamai su faɗa a huɗuba. Mai gida babba a garin da ke nesa da haɗari ya buɗe ƙofarsa. Iyaye da ke gida, in kun ji labari kuka kira ɗanku, bayan addu'a ku tambaye shi, "An ce ku tashi? To me kake jira?" Sannan a daina watsa duk abin da aka tsinta a WhatsApp. Tsohon bidiyo da jita-jita suna sa mutane su firgita a banza, ko su raina gargaɗi na gaskiya. A ɗauki labari daga hukumar yanayi da hukumar agajin gaggawa ta inda ake zaune.

Mu da ke gida ma kada mu ce wannan ba tamu ba ce. Mahaukaciyar guguwar teku ba ta zuwa ƙasar Hausa, amma raina gargaɗi ciwo ɗaya ne a ko'ina. Kowace shekara hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina, hukumar lura da ruwa ta NIHSA kuma tana bayyana wuraren da ambaliya ke iya shafa. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, a daminar da Nijar ma ta sha mummunar ambaliya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masu gini a kan hanyar ruwa da masu zuba shara a magudana su ji tsoron Allah. Hukumomi kuma su sani cewa kalmar "a tashi" ba ta wadatar ba, sai an faɗa da harshen da mutane ke ji, ta rediyo da bakin masu unguwanni da dagatai, kuma an nuna wa talaka inda zai kai iyalinsa.

Jama'a, ina roƙon ku, kowa ya zauna da iyalinsa a cikin wannan mako ya tsara abin da za su yi in an yi gargaɗi, ya kuma tuna da maƙwabcinsa da ba shi da mai taimako. Allah Ya kiyaye mu daga masifun sama da na ƙasa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon jin gargaɗi da aiki da shi. Amin.