Uwa Ce Ta Sayar Da Hannunta, To Ya Halatta Mu Saya?



Kwanan baya muna zaune ƙofar masallaci bayan La'asar, wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa da ya dawo daga gida ya kawo tambaya. An yi masa tayin katan-katan na abincin nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda ke cikin 'yar leda. Da arha kuwa, kuma ya san in ya sauko da shi Ibadan zai shiga, don manya ma na lasa da burodi. Ya ce, "Malam, ba fa sata ba ce, iyayen yaran ne ke sayarwa da hannunsu."

Mu fara sanin mene ne abin. Tunkuzar gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. A Faransa aka fara haɗa shi a 1996, da sunan Plumpy'Nut, kuma an yi amfani da shi sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Leda ɗaya giram 92 ce. Ba kowane yaro ake ba ba. Sai an auna damtsensa da tef an ga bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa sun kumbura. Sannan a ƙirga masa adadin da zai ci kullum gwargwadon nauyinsa, har kusan wata biyu. Ashe magani ne, ba kayan marmari ba. Duk ledar da ta fita kasuwa, daga bakin wani yaro aka zare ta.

To, ciniki ba ya inganta sai mai sayarwa ya mallaki abin. Ita uwar ba a mallaka mata ba, amana aka damƙa mata domin ɗanta. Wanda kuwa ya saya alhali ya sani, ya yi tarayya a cin amanar. Mu 'yan kasuwa mun san in babu mai saye, babu mai sayarwa. Wannan ɓangaren ba shi da wuya.

Mai wuyar shi ne ita uwar. Kafin mu ce ta yi zalunci, mu tsaya. Mace ce da yara biyar, ɗaya aka rubuta wa, huɗu na kallon ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mun ga inda kwanon masara da wake suka kai. In ta sayar da leda biyu ta auno gari kowa ya samu, rashin imani ne ko rashin mafita?

A nan muke tuna Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Ya ji jariri na ta kuka da dare a Madina. Da ya bincika, sai ya gano uwar na son yaye shi ne da wuri, saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Bai tsaya kan laifin matar ba. Ya ga nasa, ya sauya dokar: kowane jariri yana da kaso tun ranar haihuwa.

To mu fa? Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uban yaro. Amma nawa ne cikinmu ke karyawa da shayi da ƙwai a bakin titi, a bar wa mai jego garin kwaki? Ran suna a yanka rago, anguwa ta cinye, kwana arba'in ya wuce ba wanda ya sake leƙa tukunyarta. Nan ba gida ba ne, babu gwaggo ko kaka da za ta aiko da kunun kanwa. Mu ne danginta.

Don haka muka ce wa ɗan'uwanmu ya bar wannan ribar, ba alheri cikinta. Muna kuma roƙon kowane masallaci a anguwar nan ya ware wani abu daga sadakar Juma'a, a sayi gero da gyaɗa da waken soya, mata su kai wa masu ciki da masu goyo a asirce, ba tare da an kunyata kowa ba. Wanda ya ga yaron maƙwabci na ramewa, ya taimaka a kai shi asibiti, kada ya ce ba ruwansa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mu daga cin haƙƙin wanda bai iya magana ba. Amin.