Mota Mai Rumfar Tamfol a Hanyar Kibiya

A ce wani ɗan Rano ne, mai shekara arba'in da 'yan kai, Allah ya buɗa masa a harkar hatsi. Ya gina gida, ya kai mahaifiyarsa Makka, zakkarsa ba ta wuce lokacinta. Rana ɗaya sai ya ce abin da ransa ke so shi ne tsohuwar motar Amurka, irin mai rumfar tamfol da ake naɗewa ta koma baya, Ford Mustang ƙirar 1965. Bai taɓa mallakar irinta ba, bai ma taɓa zama a cikinta ba, a waya ya gan ta. Kuɗin nasa ne, kuma na halak ne. Shin ya yi laifi idan ya saya?

Amsar da za a fara ji a majalisa ba ta da wuyar hasashe: almubazzaranci ne. Masu wannan magana ba su rasa hujja ba. Motar ta kai shekara sittin a duniya. Kamfanin Ford ya fito da ita a watan Afrilu na 1964, lokacin da fetur ke da arha a Amurka, kuma wadda masu sha'awa suka fi nema mai silinda takwas ce, wadda ba ta san tsimin mai ba. Mu kuwa tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafi, mai babur ma sai ya yi lissafi kafin ya je Rurum. Dokar kwastan ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, wannan kuma ta zarce iyakar nesa ba kusa ba. Idan kafireta ta lalace, a zaga kasuwar Ƙofar Ruwa daga farko har ƙarshe, da wuya a dace. Ga yanayinmu: hunturu ya cika kujeru da ƙura, bazara ta gasa ƙeya, damina kuma tamfol ɗin da ya tsufa ya yi yoyo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai dai duk wannan yana nuna cinikin ba na riba ba ne, bai nuna laifi ba. Rashin amfani kaɗai bai isa a tuhumi mutum ba, musamman a Rano, tsohon gari na Hausa Bakwai, inda har gobe ake ɗaure doki. Me doki ke tsinana wa mai shi a yau? Ba ya noma, ba ya kai kaya kasuwa, yaƙi kuwa an daina. Yana cin dawa da dusa da harawa shekara guda cur, don a hau shi kwana biyu ko uku da Sallah. Ban taɓa jin wanda ya kira mai doki almubazzari ba, sai ma a ce gidansu gidan hawa ne. Ashe mun daɗe da yarda cewa mutum na iya ciyar da abu don kyansa kawai.

Wani dattijo da na kawo wa wannan misali ya katse ni. Ya ce, "Ɗana, ba ka duba inda kuɗin ke zuwa ba. Abin da doki ya ci, mai yankan ciyawa ya samu, baduku ya samu, maƙerin linzami ya samu. Motarka fa, wa ya samu?" Na ce, "Baba, mai gidan mai." Ya yi dariya, ya ce to ai shi ma ɗan gari ne.

Maganarsa tana da nauyi. Amma idan da ita za a yi hukunci, shaddar da muke ɗinkawa da Sallah da wayar da ke aljihunmu duk sun shiga, domin babu wadda aka ƙera a Kibiya. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Inda na fi jin nauyin tambayar shi ne a kan titi. Mota marar rufi ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Ranar kasuwa mai karatu ya tsaya a hanyar Rano zuwa Kibiya, ya ƙirga a-kori-kura nawa za su wuce da mutane a saman buhuna: tsofaffi sun danne hula da hannu, mata sun rufe fuskar goye da mayafi saboda iska. Wannan iskar da Ba'amurke ya ƙera mota musamman don ya sha, ita talakan nan yake neman tsari da ita, har yakan ƙara kuɗi don a ba shi gidan gaba. Yanzu ga mutuminmu ya zuba miliyoyi don ya sayi abin da su suke sha dole. Idan ya zo wucewa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan ƙofa, me wanda ke saman buhu zai gani? Ina tsoron zai ga kamar an mai da wahalarsa abin wasa. Ko mai motar bai nufi haka ba, niyya a zuci take, abin da ido ya gani kuwa a fili yake.

Duk da haka, da na ƙara juya maganar, sai na ga wannan fallasuwar ita ce kuma mafi kyawun hali da motar ke da shi. Dubi motar da masu kuɗinmu suka fi so a yanzu: doguwar jif, baƙin gilashi, sanyi a ciki. Ta fi tsohuwar Mustang tsada sau da yawa, amma babu mai cewa uffan, an ce ai motar manya ce. Aikinta na farko shi ne ɓoye wanda ke ciki. Yana ganinka, ba ka ganinsa. Zai wuce ƙofar gidan malaminsa na allo, ya wuce zaman makoki, ya wuce abokin da suka yi kiwo tare, babu wanda zai ce ya ƙi gaisuwa, tunda ba a tabbatar shi ne a ciki ba. Mai buɗaɗɗiyar mota ba shi da wannan mafaka. Idan ya iso majalisar dattawa dole ya rage gudu ya ɗaga hannu, in kuwa sa'o'in mahaifinsa ne, ya tsaya ya fito. Idan tsohuwa ta tsaya a bakin hanya da ƙullin kaya, ta ga kujeru uku babu kowa, ta kuma ga fuskarsa, ta san ɗan wane ne. Ko ya rage mata hanya, ko gari ya ji kafin magariba. Mai bin sa bashi ma ya huta da nema.

A nan ne motar ta yi kama da doki. Mahayi a sama yake, amma a fili yake, shi ya sa hawa ke tafiya da jinjina, kuma kwalliyar dokin ta 'yan kallo ce kamar yadda take tasa. Yaran da za su bi wannan mota da gudu sun sami rabonsu na kallo, abin da baƙin gilashi bai taɓa ba su ba. Saboda haka ni ban ga laifi a sayen ba. Abin da nake shakka shi ne ko mai sayen ya san abin da ya ɗauko. Yana zaton ya sayi 'yanci, irin na finafinai, mutum shi kaɗai da doguwar hanya. A Rano kuwa wannan mota ƙarin dangi za ta jawo masa. Kowane ango zai so a ɗauke shi a ciki, kuma "a'a" ta mai buɗaɗɗiyar mota ta fi ta kowa zafi.

Akwai haƙƙi na biyu da ba a cika ambata ba, na motar kanta. Sabon shiga yakan yi wa rogo kallon kitse: fenti na ƙyalli a hoto, ƙasan kuwa tsatsa ta cinye, domin a arewacin Amurka gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. In ma an dace da mai lafiya, abin da ya yi shekara sittin yana wucewa daga hannu zuwa hannu ya zama kamar amana. Wasu sun kiyaye shi har ya iso gare ka. Ka bar shi a rana, tayoyi su sace, kaji su yi ƙwai a kujerar baya, irin yadda tsofaffin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna suka ƙare a ƙofar gidaje da yawa, wannan a wurina ya fi sayen kusa da almubazzaranci.

To idan injin ya mutu fa? Bakanike zai ce, "Alhaji, mu ɗora mata na Toyota mu huta." Haka mutanen Kyuba suka yi bayan Amurka ta rufe musu ƙofar kasuwanci a farkon shekarun 1960: tsofaffin Chevrolet da yawa da ke yawo a Habana yau, injin dizal na wata ƙasa ne a cikinsu. Masu tara tsofaffin motoci a Amurka suna ganin an ɓata su. Manomin Kibiya ba zai fahimci wannan ƙorafi ba. Fartanyar da ya gada wurin mahaifinsa, ƙotar ta karye an sauya, ruwan ya cinye maƙeri ya ɗora wani, amma ka tambaye shi ta wa ce, zai ce ta Baba ce, kuma bai yi ƙarya ba. Ita yake ɗauka zuwa gona kowace damina, yana kuma sa ran ɗansa zai ɗauka.