Ɗana Kansila, Idan An Kira Ka Bitar Ruwa

Ɗana kansila, da kai nake, kai da jama'a suka tsaya cikin rana suka zaɓa a watan Fabrairun 2025, ɗaya daga cikin kansiloli 361 na ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. In kuwa ciyaman ne kai, ko mai harin kujerar gobe, gyara zama, maganar ta shafe ka. Wata rana takarda za ta iso maka, a ce an sa sunanka cikin masu zuwa bita kan sha'anin ruwan sha, ko a nan Katsina, ko Kaduna, ko Abuja. Abokai za su tambaye ka kwana nawa ne, nawa ne alawus, a wane otal za a sauke ku. Ni roƙona gare ka, ka tafi a matsayin ɗalibi, da littafi da biro, da tambayoyin mutanen mazaɓarka a aljihu. Sha'anin ruwa ilimi ne mai zaman kansa, ƙuri'a kuwa ba ta koyar da shi.

Kafin ka ɗaure kaya, ka yi sammako ka tsaya a Ƙofar Guga da ke birnin Katsina bayan an idar da sallar asuba. Za ka ga 'yan garuwa suna turo kura, jarkoki goma ko goma sha biyu a jere, an toshe bakin wasu da leda don kada ruwan ya yi ta fallatsa, mai turawa ya sunkuya ya kafa ƙafa yana neman haye ɗan tudun bakin kwata. Tare ɗaya daga cikinsu, ku gaisa, ka tambaye shi inda ya ɗebo, nawa ya biya mai rijiyar burtsatse, nawa yake sayar da jarka yau, nawa yake sayarwa idan bazara ta yi tsanani a Afrilu da Mayu. Sannan ka yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Jarka biyu ke nan ta lita 25. Gidan mutum goma, jarka ashirin kullum. Ninka da kuɗin da mai garuwa ya faɗa maka, ka ninka da kwana talatin, ka ajiye kusa da abin da leburan kasuwa ko malamin firamare ke samu a wata. A nan za ka gane dalilin da ya sa uwar gida take wanke kwanuka da ruwan da ta wanke shinkafa, take kuma hana yaro wanka sai ran Juma'a. Wannan lissafin shi ne guzurinka. Wanda ya shiga ɗakin bita da shi ba zai yi gyangyaɗi ba.

Abu na farko da nake so ka nema a can shi ne sanin hakkin wa ne me. Da yawa daga cikin masu riƙe da kujera irin taka ba su san ta ina ruwan famfo ke fitowa ba, balle su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan ya ɗauke. Birnin nan ya daɗe yana sha daga madatsar Ajiwa da ke ƙasar Batagarawa, wadda aka gina tun shekarun 1970, lokacin Katsina ba ta zama babban birnin jiha ba. Sai a 1987 aka ƙirƙiro jihar, ma'aikata suka kwararo, unguwanni suka tsallake ganuwa ta kowace ƙofa. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Katsina sun haura 318,000, yau kuwa ido ma ya isa shaida. Madatsar Zoɓe da ke Dutsin-ma an kammala ta a 1983, amma sai a watan Yulin 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan sha daga cikinta. Shekara 38 ruwa yana kwance, mutane suna ƙishi. Ka yi tunani a kan wannan, ɗana. Tara ruwa a madatsa somin-taɓi ne. Sai an tace shi, an sami wutar da za ta turo shi, an shimfiɗa bututu, an biya ma'aikata, an sayi sinadari wata bayan wata. Wannan ɓangare na Hukumar Ruwa ta Jiha ne. Ruwan karkara yana hannun hukumar RUWASSA tare da sashen ruwa da tsafta na ƙananan hukumomi. Magudanai da bayan gida na jama'a da kwashe shara kuwa, Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora su kai tsaye a wuyan ƙaramar hukuma, wato a wuyanka. Ka karanta Jadawali na Huɗu da idonka, ba shi da tsawo.

Ka kuma tambayi malaman bita labarin shirin samar da ruwan sha mai suna SURWASH. Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, dala miliyan 700, kuma Katsina tana cikin jihohi bakwai da aka fara da su, tare da Kaduna da Gombe da Filato da Ekiti da Delta da Imo. Abin da ya bambanta shi da tallafin da muka saba, akasarin kuɗin ba ya fitowa sai an zo an duba an tabbatar da cewa ruwan yana zuba, mutane suna amfana. Rance ne kuma, 'ya'yanka za su taya biya. Kansilan da bai san wannan ba, za a yi aiki a mazaɓarsa yana kallo kamar baƙo.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi zafi. Mun zama mutane masu son buɗe sabon abu, marasa haƙurin riƙon tsohon. Zagaya lungunan da ke tsakanin Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka ko kowace unguwa ta birnin nan, ka ƙirga tankunan da ke tsaye a kan ƙarfe, da allon sunan wanda ya bayar, famfunan ƙasa kuwa sun bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsu. Wani binciken Bankin Duniya da ya fito a 2018 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na rijiyoyi da famfunan jama'a a Najeriya ba sa aiki, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu tun a shekarar farko suke mutuwa. Idan ka bi diddigi, abin da ya kashe da yawansu bai taka kara ya karya ba. Famfon tuƙa-tuƙa robar da ke cikinsa ce ta cinye, ko sarƙa ta tsinke. Na sola ƙura ce ta rufe faifan, ko an sace waya, ko injin turo ruwa ya ƙone saboda an bar shi yana aiki ruwa ya janye. Wani kuma tun farko ɗan kwangila ne ya haƙa ba tare da an auna ƙasa ba, ya tsaya a ruwan sama-sama wanda ke ƙafewa da rani. Mafi yawan ƙasar jiharmu dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana cikin tsagogi ne, ba ko'ina ake dacewa ba. Don haka idan malami ya zo kan awon ƙasa, da zurfin haƙa, da gwajin yawan ruwan da rijiya ke bayarwa kafin a biya ɗan kwangila, ka buɗe kunne da kyau. In ba ka gane ba ka ɗaga hannu. Matambayi ba ya ɓata, kuma ba a rage wa honarabul daraja don ya ce a maimaita masa. Akwai Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, aikinta ke nan koyar da irin waɗannan abubuwa. Ka tambaya ko za a iya tura samari biyu ko uku daga mazaɓarka su koyi gyaran famfo. Makanike ɗaya a unguwa, da akwatin kayan gyara, ya fi maka sabuwar rijiyar da za ta mutu kafin zaɓe mai zuwa.

Na san abin da za ka ce. Gyara ba ya da allo, ba a kiran 'yan jarida, ba a yanka kirtani. Gaskiya ne. Amma matar da ta daina tura 'yarta neman ruwa a lokacin makaranta ta san wanda ya gyara, kuma Allah Ya sani. Ka tuna Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Ba sabuwa ya haƙa ba. Wadda take nan ya 'yanta, aka kuma ci gaba da kula da waƙafin ƙarni bayan ƙarni.

Sai maganar kuɗi, wadda 'yan siyasa ke gudu. Ruwa kyautar Allah ne, amma bututu da gas da kulorin saye ake yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Unguwar da aka kafa kwamiti, ana karɓar ɗan abin da bai fi ƙarfin kowa ba a kan kowace jarka, ana rubutawa, ana karanta lissafi a bainar jama'a, famfonta ba ya kwana uku a lalace. Kada ka zo ka rusa irin wannan tsari da cewa ka mayar da ruwa kyauta don a tafa maka. Talaka ya riga ya saba biya, kuma shi ya fi kowa biya da tsada, tunda a jarka yake saye. Abin da yake nema shi ne ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Ka sa mata a kwamitin, ko da ta hanyar malamar Islamiyya ko ungozoma ce za a riƙa jin ta bakinsu, domin su ke sanin ranar da ruwa ya canza launi ko ɗanɗano. 'Yan garuwa ma kada ka ɗauke su abokan gaba. Su suka riƙe garin nan a ranakun da famfo ya yi shiru. Ka san su, ka san rijiyoyin da suke ɗiba, ka sa jami'an lafiya su auna ruwan, a koya musu wanke jarka.

Akwai wani abu da nake so ka duƙa ka gani da idonka. Leƙa cikin kwata a kowane lungu na cikin birni, za ka ga siraran bututun roba sun bi ta cikin baƙin ruwa, an ɗaure inda ya fashe da robar tayar keke. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, ɗigowa yake yi waje. Da zarar an ɗauke, bututun sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi, ran da aka dawo da ruwa kuma wannan ƙazantar ce ke fara isa randa. Haka rijiyar da aka haƙa dab da masai, alhali masana sun ce a bar tazarar kamar mita 30, abin da ke da wuya a gidajenmu na cikin gari. Ta nan amai da gudawa ke shigowa. A 2021 cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Katsina tana cikin jihohin da suka ji jiki. A Landan, cikin 1854, irin wannan annoba ta hallaka mutum fiye da 600 a unguwa guda. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi rashi, ya ga akasarinsu sun kewaye famfo ɗaya a titin Broad. Bai da ikon rufe famfon. Hukumar unguwar ya je ya samu, mutane masu matsayi kusan irin naka, suka saurare shi, washegari aka cire hannun famfon. Ilimin na likita ne, amma hukuncin na masu unguwa ne, kuma da sun raina maganarsa da famfon ya ci gaba da aiki.

Idan ka dawo, kada takardun bita su ƙare a bayan mota. Cikin makon farko ka je gun mai unguwa da liman, a tara jama'a a ƙofar gida, ka faɗa musu da Hausa abin da ka koyo, har da abin da ba zai yi musu daɗi ba. Sannan ka sayi babban littafi, ku zagaya mazaɓa da ƙafa, kai da jami'in sashen ruwa na ƙaramar hukuma. Kowace rijiya da kowane famfo a rubuta inda yake, shekarar da aka yi shi, ko yana aiki, abin da ya lalace, da sunan mai kula da shi. Tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma haƙƙinka na zama a majalisa ka duba kasafi yana nan daram. Ka shiga zaman kasafin kuɗi da littafin nan a hannu, ka nemi a ware layi na musamman don gyaran rijiyoyi da famfuna da yashe magudanai kafin saukar damina a watan Yuni, ka kuma nemi a riƙa kawo wa majalisa rahoton abin da aka kashe duk bayan wata uku. In an ƙi a zaman farko, ka nemi akawun majalisa ya rubuta buƙatarka cikin bayanan zama, ka jawo kansilolin mazaɓun da ke maƙwabtaka da kai su ma su kawo nasu littafin, ku sake gabatar da ita tare a zama na gaba.